Zan iya kurkure baki da haidirojin kullum?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne, shekaruna 41, kuma ina cin goro sosai. Kusan shekara guda ke nan duk na goge baki sai in ga jini a buroshi, ga maiɗakina ta fara ƙorafin warin baki. Wani abokina ya ce in sayi haidirojin a kemis, irin wanda ake wanke ciwo da shi, in riƙa kurkure baki safe da dare, wai yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana sa haƙori fari. Na saya, an rubuta 6% da 20 vol a jikin kwalbar. Kwana huɗu ina kurɓarsa haka nan ba sirki. Kumfa kam yana yi, warin ma ya ragu, amma yanzu dasashina ya yi fari-fari yana zafi, ko ruwan sanyi ba na iya sha. In ci gaba ko in daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata daga yau. Farin da kake gani a dasashinka ƙuna ce, maganin ne ya ƙona fatar sama. Abin da sauƙi tunda kwana huɗu kawai ka yi: fatar za ta saɓule da kanta, sabuwa ta maye gurbinta, galibi cikin mako guda. Kafin nan ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi kana kurkurawa a hankali sau uku ko huɗu a rana, ka ɗan huta da yaji, da lemon tsami, da shayi mai tururi, da goron kansa. Kada ka daina goge baki, amma ka nemi buroshi mai laushi. Idan kwana goma suka wuce wurin bai warke ba, ko ka ga kumburi, ko zazzaɓi ya shigo, ka je asibiti a duba.

Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Haidirojin feroksaid magani ne da mu kanmu muke aiki da shi a ɗakin haƙori, kuma ya daɗe a hannun likitoci. Tun 1818 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis Jacques Thénard, ya fara haɗa shi. Inda abokin naka ya kauce wuri biyu ne: bai gaya maka a sirka ba, kuma ya mai da maganin kwana kaɗan abin yi kullum.

Ɗauko kwalbar ka sake duba rubutun. Wannan 6% shi ne ƙarfin maganin, 20 vol kuma wata hanya ce ta faɗin abu ɗaya: duk cokali ɗaya nasa yana iya sakin iskar oksijin da ta kai cokali ashirin. Mai 3% shi ake rubuta wa 10 vol. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin mafi yawan bidiyon da ke yawo a waya daga Amurka suke, inda kwalbar da ake sayarwa a kanti mai 3% ce. Su in sun ce “rabi magani rabi ruwa”, da tasu kwalbar suke. A kemis ɗinmu kuwa sau da yawa mai 6% za a miƙo maka, ninki biyu ke nan. Ƙarfin da baki ke ɗauka ba tare da ya ji jiki ba shi ne 1.5%. Kai ka ba shi ninki huɗu na wannan, safe da dare.

Ga yadda ake sirkawa idan an tashi yin sa daidai. Mai 6%, awo ɗaya na magani, awo uku na ruwa mai tsabta: ka ja mil 5 da sirinji ko murfin awon maganin tari, ka ƙara ruwa mil 15. Mai 3%, awo ɗaya da awo ɗaya, mil 10 da mil 10. Ka kurɓa, ka kai shi inda ciwon yake, ka jujjuya kamar minti ɗaya, ka tofar duka. Ba a haɗiyewa, ba a kuma ɗaga kai a gargaza shi can cikin maƙogwaro. Sau biyu ko uku a rana, bayan cin abinci, kuma kada ya wuce kwana bakwai sai da izinin likita. Wanda za ka yi amfani da shi a lokacin kaɗai za ka haɗa. In ka haɗa da yawa ka ajiye a gora, kafin gobe ya fara zama ruwa. Akwai wanda kamfani ya riga ya sirka a kan 1.5%, irin Peroxyl na Colgate, shi ma a jikinsa an rubuta wannan iyaka ta kwana bakwai. Ka lura da wannan: kamfanin da ribarsa ke cikin ka yi ta saye shi ne ya ce kada ka wuce mako.

Yanzu maganar kumfa, domin ita ce take yaudarar kowa. Mutum ya kurɓa, ya ji baki na tsitsitsi, ya tofar ya ga farar kumfa, sai ya ce ai ga ƙwayoyin cuta nan suna mutuwa. A gaskiya jikinka ne yake yin kumfar. A cikin jininmu da naman jikinmu akwai wani sinadari mai suna katales, aikinsa ya farfasa haidirojin nan take ya mai da shi ruwa da iskar oksijin. Iskar ce take tasowa. Shi ya sa in ka ɗiga shi a lafiyayyar fatar hannu ba ka ganin komai, in ka ɗiga a yanka sai ya hau tafasa. Ko ɗanyen dankali ka yanka ka ɗiga masa zai yi kumfa. Dasashin da ke jini kuwa dole ya fi kowane yin kumfa, tunda jini ya cika da katales. A shekarun 1940 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Japan, Shigeo Takahara, ya zuba haidirojin a gyambon bakin wata yarinya, bai ga kumfa ba ko kaɗan, sai jinin ya koma baƙi-baƙi. Gyambon na cike da ƙwayoyin cuta, amma yarinyar an haife ta ba katales a jininta. Daga nan aka gano wannan lalurar ta gado. Yawan kumfa dai ba shi ne ma'aunin aikin magani ba.

Duk da haka kumfar tana da nata amfani. Tana ɗago ɓurɓushin abinci, da mataccen nama, da ruɓa daga lungun da buroshi ba ya iya taɓawa saboda zafi. Iskar oksijin kuma tana takura wa wani rukunin ƙwayoyin cuta da ba sa rayuwa inda iska take, waɗanda ke ɓuya a ƙarƙashin dasashi da can bayan harshe. Su ne suke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dalilin da ya sa ka ji warin ya ragu ke nan, ba ƙarya hancin maiɗakinka ya yi ba. Sai dai aikin na mintuna ne. Katales na cinye maganin da sauri, ƙwayoyin da ke can ƙasa ba su ma san an yi ba, bayan 'yan sa'o'i kuma sun dawo.

Wuraren da nake rubuta wa mutum shi ba su da yawa. Na farko shi ne ciwon dasashi mai cin nama. Mai shi yakan zo da hannu a baki, dasashin da ke tsakanin haƙora ya zaizaye kamar an gutsure tsininsa, wata fata mai ruwan toka ta lulluɓe wurin, da ka taɓa sai jini, wari kuwa tun daga bakin ƙofa. An fi ganinsa ga matasa masu shan sigari, da masu rashin barci da damuwa, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Ya yi wa sojoji yawa a ramukan yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918. Irin wannan bakin ba ya ɗaukar buroshi a kwanakin farko, don haka haidirojin da aka sirka yana share shi, tare da maganin metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, in likita ya ga da buƙata, sannan a wanke haƙoran da zarar zafi ya lafa. Na biyu, matauni na ƙarshe na can ƙurya, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, idan ya fito rabi dasashi ya rufe rabi abinci na maƙalewa a ƙarƙashi ya kumbura. Na uku, ƙananan gyambunan baki da gurzuwar haƙoran roba ko wayar gyaran haƙori. A duka ukun, taimako yake yi na 'yan kwanaki kafin a yi ainihin aikin. Lokacin korona, a 2020, asibitocin haƙori da dama sun riƙa ba mutane shi su kurkure kafin a fara aiki a bakinsu. Binciken da ya biyo baya bai nuna wani amfani mai ƙarfi ba.

To me zai faru in mutum ya sirka daidai amma ya mai da shi na kullum? Haidirojin ba ya tantance abokin gaba da na gida. Yadda yake ƙona ƙwayar cuta haka yake ƙona sabbin ƙwayoyin naman da ke ƙoƙarin rufe ciwo, shi ya sa ko a wankin rauni na jiki likitoci sun rage yawan amfani da shi. Baki yana da ƙwayoyinsa na arziki da ke tare hanya ga miyagu, kuma abin mamaki wasu daga cikinsu da kansu suke samar da ɗan haidirojin kaɗan su kori masu ruɓar da haƙori. In kana share su safe da dare, kana buɗe wa wasu ƙofa ne. Ga tsamin haƙori, wanda ka riga ka ɗanɗana da ruwan sanyi. Ga kuma abin da ya fi tsorata mutane: harshe ya yi baƙi ya fito da wani abu kamar gashi. 'Yan tsirgogin saman harshe ne suke tsawo su kama launin shayi da goro da taba. Ba shi da haɗari, yana gushewa in an daina an riƙa kankare harshe, amma na ga mutanen da suka zo a firgice suna zaton sammu ne. Mai shan sigari ko mai zuba taba gari a leɓe shi ya fi kowa dacewa ya nisanci doguwar hulɗa da shi, tunda fatar bakinsa dama a wahale take.

An taɓa gwada mai da shi na kullum, kuma da sunan likitanci. A ƙarshen shekarun 1970 wani likitan haƙori Ba'amurke, Paul Keyes, ya yaɗa wata hanya ta kwaɓa haidirojin da bekin soda da gishiri a riƙa cusawa a dasashi, ana cewa za ta raba mutane da tiyata. Ta yi tashe ƙwarai. Da aka zo aka gwada ta gefe da gefe da goge baki na yau da kullum, sai aka ga ba ta fi shi da komai ba. Waɗanda suka samu sauƙi sun samu ne saboda an kankare musu haƙora a asibiti kuma sun dage da gogewa.

Wannan ya kawo mu kan ainihin matsalarka, wadda tun kafin haidirojin take. Jini a buroshi na tsawon shekara tare da wari, ga mutum mai shekara 41, kusan kullum abu ɗaya ne: dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori ta daskare ta zama kamar dutse. Ka tsaya gaban madubi da fitilar waya, ka buɗe baki ka leƙa bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe. Ina kyautata zaton za ka ga wani abu rawaya ko ruwan ƙasa ya manne a gindinsu, wataƙila har ya cike tsakaninsu, dasashin wurin ya yi ja ya kumbura yana ƙyalli. Wannan dutsen ba ya narkewa da haidirojin, ko gishiri, ko kanwa, ko gawayi, ko wani ruwan kurkure baki da ake talla. Sai an sa na'ura an kankare shi, abin da muke kira wankin haƙori. Duk sashen haƙori na babban asibiti yana yin sa, sau da yawa a zama ɗaya.

Na san abin da ake faɗa a gari, wai wankin haƙori yana sa haƙora su yi giɓi su fara girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne dutsen ya riga ya ci dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, ya zauna a gurbinsu; in aka cire shi sai ɓarnar da ya yi ta bayyana. Barinsa kuwa shi ne yake kai mutum ga zubewar haƙora lafiyayyu, ba kogo ba tsutsa, yana ɗan shekara hamsin. Bayan wankin, sai gogewa sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, musamman na dare kafin barci, kana karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Jinin da za ka gani a makon farko kada ya sa ka kauce wa wurin, nan ne ma ya fi buƙatar gogewa. Ka riƙa share bayan harshe, don mafi yawan warin baki daga nan yake tashi. Asuwaki yana da kyau ƙwarai in an iya shi, sai dai yawancin mutane gaban haƙoran gaba kaɗai suke gogewa da shi suna tafe suna hira, matauna da ɓangaren ciki ba su san ana yi ba. Idan likita ya ga kana buƙatar ruwan kurkurawa na ɗan lokaci, kuloheksidin ya fi haidirojin hana dauɗa taruwa nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma yana rina haƙori in aka daɗe a kansa. Kuma tunda ka haura arba'in, ka auna sukari. Ciwon sukari da ciwon dasashi suna tafiya tare, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, kuma ba sau ɗaya ba a kujerar haƙori ake fara zargin mutum yana da shi.

Saura batun fari. Gaskiya ne haidirojin ne sinadarin da ke cikin magungunan sa haƙori fari, amma yadda ake sa shi ya bambanta. Likita yakan auna bakin mutum a yi masa wata roba daidai haƙoransa, a zuba maganin mai kauri a ciki, ya kwana da ita ko ya sa na wasu sa'o'i kullum har wajen mako biyu. Na cikin asibiti kuma mai ƙarfi ne sosai, sai an rufe dasashi ruf kafin a shafa. Sirrin shi ne maganin ya daɗe a kan haƙori ba tare da ya taɓa nama ba. Kurkurawar minti ɗaya akasin haka take yi: ta jiƙa nama ko'ina, ta bar haƙori kafin ta yi masa wani abin kirki. Tarayyar Turai ta yi doka a 2011 cewa duk kayan sa haƙori fari da ya wuce 0.1% ba a sayar wa mutum kai tsaye, daga nan zuwa 6% sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da su suka mai da iyakar likita, shi ka yi kwana huɗu kana kurɓa.

Jan goro da na shayi a saman haƙori yake zaune, kuma wankin nan da na ambata yana fitar da mafi yawansa a rana ɗaya. Zai dawo in goro ya ci gaba, wannan kuma tsakaninka da goro. Akwai wani launin dabam da ba na sama ba, wanda aka gina haƙorin da shi tun yarinta saboda yawan fuloraid a ruwan sha. Wanda ya san mutanen Langtang a jihar Filato, ko Tibiri ta jihar Maraɗi, ya san irin haƙoran nan masu dabbare-dabbaren fari da ruwan ƙasa. Masu irin wannan su ne suka fi wahalar da kansu da gurza da kurkure-kurkure, alhali launin yana cikin ƙashin haƙorin. Gyaransa aikin asibiti ne.

Akwai lokutan da ko sirkakken ba a so. Wanda aka cire wa haƙori kada ya kusance shi: gudan jinin da ya toshe ramin shi ne murfin ciwon, kumfa tana iya ɓalle shi ƙashi ya zauna a buɗe, zafin da ke biyo baya kuwa ya fi na ciwon haƙorin da aka cire. Mai kogon haƙori da ke jiƙa auduga ya cusa a ramin, dasashinsa kawai yake ƙonawa, ciwon yana can cikin jijiya. Haidirojin na shagon gyaran gashi, mai 30 vol ko 40 vol, wato 9% da 12%, ba na baki ba ne ko an sirka, don akwai wasu sinadaran a cikinsa. Mai 35% da wasu ke tallatawa a intanet wai ana ɗiga shi a ruwa a sha ya warkar da cututtuka, guba ne. Mil ɗaya nasa yana sakin iskar da ta haura mil 100 a cikin ciki, iskar ta kutsa jijiyoyin jini ta toshe su. Ya shanye wa mutane ɓarin jiki, ya kuma kashe wasu. Gyambon baki kuma, kowane iri ne, in ya kai mako uku bai warke ba, a daina kurkure-kurkure a kai shi a gani.

Yara ƙasa da shekara 12 ba na son a ba su a gida, don haɗiyewa suke yi. In yaro ya kurɓi ɗan kaɗan na kemis bisa kuskure, yawanci ciwon ciki ne da amai mai kumfa. A ba shi ruwa ya sha, kada a sa masa yatsa ko manja don ya yi amai, in ya sha da yawa ko cikinsa ya kumbura ko numfashinsa ya canza a garzaya asibiti. Abu ɗaya kuma da ya shafe mu a nan Arewa fiye da kusan ko'ina: yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, musamman wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, in dasashinsa ya fara jini da gyambo da mugun wari, ba a tsayawa gwajin magani a gida. Haka cutar noma mai zaizaye baki take farawa, kuma daga gyambon dasashi zuwa kumburin kunci zuwa ɓulewarsa kwanaki ne kawai. A matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ma'aikacin lafiya yana iya share irin wannan dasashin da haidirojin a jikin auduga, amma wannan aikin hannunsa ne, tare da sauran magani.

Ita kuma kwalbar taka ba sai ka zubar ba. Ka duba ko tana da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka rufe ta gam, ka ajiye inda rana ba ta kaiwa kuma yara ba sa kaiwa. Haske da zafi suna kashe maganin, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Wadda ta yi bazara a kan taga ko cikin mota, ƙarfin maganin da ke ciki ya ragu. Kada ka juye shi a gorar ruwa ko ta lemo, don ba shi da launi, mai jin ƙishi ba zai bambanta ba. Ka bari dasashin ya warke tukuna, mako ɗaya zuwa kwana goma, sannan ka je wankin haƙorin, kuma ka gaya wa likitan abin da ka kurkura da shi da ƙarfinsa.